Gefen Idon Inna

Ni ce 'yar farin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka tarar ana yi. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta yabonsa a gaban mutane, in yana jariri ya yi kuka sai ta daure har wani ya miƙo mata shi. Da aka yaye ni, Goggo, yayar Baba, ta goya ni ta tafi da ni Bodinga. A can na tashi, a can na yi boko da Islamiyya. Inna kuwa tana ƙauyenmu, gaba da Kajiji cikin ƙasar Shagari, inda mota ke ajiye mutum ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da shi ta cikin gonakin gero. In na je hutu, sunana a gidan "ta Bodinga". Shi ma ba da ni ake faɗarsa ba. Sai Inna ta dubi ƙofar ɗaki ta ce a dama wa ta Bodinga fura, ko da ni da ita kaɗai ne a tsakar gida, sannan ta tashi ta dama da kanta, ta ajiye a inda zan gani.

Duk da haka na san tana kallona. Tana da wani zama nata: ta juya gefe, fuskarta wajen rumbu, hannunta cikin saƙar faifai, amma ta gefen ido ba abin da ke wuce ta. Ta nan ta gane ranar da ƙaya ta soke ni na ɓoye. Ta nan take auna ko na rame ko na yi ƙiba a hannun Goggo. Ina ƙarama nakan ce a raina idon Inna jinjirin wata ne, ba ya fitowa duka, amma yana nan.

Baba ya rasu ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai a Sakkwato. Ba malami ba ne, manomi ne mai 'yan shanu, amma kullum bayan asuba yakan sauko da gafakarsa daga bango, ya ciro Alƙur'ani, ya karanta a hankali har rana ta taɓa kan danga. Inna ba ta taɓa zaman makaranta ba. Kiwo ta yi tana yarinya, surorin da take salla da su a kunne ta ɗauke su. Shekara da shekaru da muryar Baba take tatsar safe. Da muryar ta ɗauke, gafakar ta zauna a bango ba mai sauko da ita. Ƙannena maza biyu ne, ɗaya ya bi shanu kudu, ɗaya yana koyon gyaran babur a birni.

Yafendo, ƙanwar Inna da ke auren ƙanen Baba a gida ɗaya da mu, ita ta fara lura. Bayan fitar takaba ta ga Inna na yawan tuntuɓe da turmi, tana zubar da ƙwaryar da ke gefen ƙafarta kamar ba ta san da ita ba. Ni da Yafendo muka kai ta asibitin ido a Sakkwato. Likita ya duba ta, sannan ya juyo wajena tunda ni ce mai boko. Ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ta a ɓoye. Ya ce daga gefe yake farawa yana matsowa tsakiya, har mutum ya zama kamar mai leƙen duniya ta bakin buta. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa sauri kawai yake rage masa.

A mota, muna hanyar komawa, Inna ta daɗe tana fuskantar taga. Mun wuce Bodinga sannan ta yi magana, da tagar take yi.

"Kahin fitilar ga ta mutu, da na samu na karanta ko layi guda cikin gafakar nan tashi. Da idona."

Yafendo ta zungure ni da gwiwar hannu. Ta ce, "Kin dai ji, Malama. Taga anka gaya ma, amma ke anka aika."

Daga baya ta gaya mini Inna ta gwada Islamiyyar matan aure ta ƙauyen. Ta zauna can baya yadda manya ke yi, ta bar wa yara gaba. Allo na nesa, mata da yawa, malama na faɗa ana maimaitawa. Ba ta daɗe ba ta daina zuwa.

A daidai wannan zangon ne ake koya mana salon koyo a kwaleji. Malaminmu ya ce mutane ba su ɗaukar ilimi ta hanya ɗaya. Wani ta ido, nuna masa zane ya riƙe har abada. Wani ta kunne. Wani sai ya karanta ya rubuta da kansa, wani kuma sai hannunsa ya taɓa, ya gwada, ya ɓata, ya gyara. Ya ce akwai masu rabawa ta wata fuska, su ce wani faɗawa yake cikin abu tukun ya yi tunani, wani kuwa sai ya koma gefe ya daɗe yana kallo. Aikin malami shi ne ya gano salon ɗalibinsa ya bi da shi ta nan. Ganowar kuwa ko dai a ba shi takardar tambayoyi ya zaɓi abin da ya fi so, ko a zauna a yi hira da shi, ko a sa masa ido a ga yadda yake yi in ana koyarwa.

Na ƙaunaci wannan darasi yadda ake ƙaunar waƙa. Abin da na ji a cikinsa shi ne babu daƙiƙi a duniya, sai dai wanda ba a gano ƙofarsa ba. A motar Sakkwato zuwa Bodinga nakan zauna ina raba fasinjoji a zuci, wannan na ido ne, waccan tsohuwar ta kunne ce. Har binciken kammala karatuna a kan haka na zaɓa. Na ce Inna ma tana da ƙofarta, in na same ta layi guda ba zai gagare mu ba.

Na mayar da tambayoyin Hausa, na cire na kwamfuta da na taswira, na tafi gida wata Asabar. Da hantsi muka zauna ƙarƙashin dogon yaro, Inna a gefe da faifanta, Yafendo tana gyaran zogale. Na tambayi Inna, in za ta gidan da ba ta taɓa zuwa ba, ta fi son a zana mata hanya a ƙasa, ko a yi mata kwatance da baki, ko a raka ta. Inna ta kori wata kaza da ke neman gero, ta tambayi kazar wane gida ne a garin nan ba ta taɓa zuwa ba.

Yafendo ta ce, "In gidan biki na, hanci muka bi, Malama. Akwai masu koyo da hanci cikin takardar taki?"

Na yi dariya, na wuce ta gaba. In za ta koyi miyar da ba ta iya ba, a nuna mata, ko a gaya mata, ko a bar ta da tukunya. Inna ta ce wa Yafendo miyar da mutum bai iya ba har furfura ta fito masa, ba rabonsa ba ce. Daga nan na ajiye takardar, na tambaya kai tsaye: a cikin gani da ji da taɓawa, wanne ta fi so? Can Inna ta miƙe ta ce kamar akuya ta kwance, ta nufi bayan ɗaki, alhali duk muna ganin akuyar ɗaure a turkenta tana tuƙa.

Yafendo ta sassauta murya. Ta ce, "Ke ma dai. Ina kika taɓa jin uwa ta ce ma ɗiyar fari ga abin da nika so? Ko tsoka anka aza gabanta kina nan, cewa za ta yi ta ƙoshi."

Na roƙi Yafendo ta tambayi Inna bayan na tafi. Amsar ta riske ni ta waya: duk yadda ta Bodinga ta ga ya dace, ai ita ta yi karatun.

Tambaya ta ƙi, hira ta ƙi, saura sa ido. Na sayi ƙaramin allo baƙi da alli. Duk Asabar ɗin da na samu nakan shimfiɗa tabarma, in riƙe allon a ƙirjina, in rubuta alifun, ba'un, ta'un, ina nunawa da yatsa ina faɗa. Inna na zaune irin zamanta. Na lura da kyau, yadda aka koya mana. Ba ta juyo ta dubi allon ba ko sau ɗaya. Allin da na ajiye kusa da ƙafarta ba ta taɓa shi ba. Amma duk baƙin da na faɗa, leɓenta na motsi a bayana. Na ji daɗi har na ƙagu in koma in rubuta. Alamun sun fito kamar yadda suke a littafi: Inna ta kunne ce. Kuma ga shaida, macen da ta ɗauki surori ba tare da ta ga takarda ba.

Sai na bi ta ƙofar da na gano. Na ɗauki muryata a wayar Yafendo ina rera haruffan daga farko zuwa ƙarshe, na ce a riƙa kunna mata. Kafin a gama girbin gero Inna ta haddace su tsaf. Tana daka tana rerawa, tana tatsa tana rerawa. Yafendo ma ta ɗauka ba da niyya ba, ta ce ko shanun gidan in an matsa musu za su kawo har jimun. Amma in na ɗora yatsa a kan baƙi ɗaya na ce wanne ne wannan, sai Inna ta yi jim, ta faro daga alifun tana tafiya a hankali har ta iso inda na ce yauwa. Yafendo ta kawo mini saƙo, wai waƙar ta zauna, saura baƙin. Na ce a yi haƙuri, mai koyo ta kunne sai kunnen ya cika tukun ido ya biyo baya. Haka na fahimci darasin.

Da rani ya shigo na ce bari in gwada ta hannu, ko tana da ƙofa biyu. Na ɗebo yumɓu a bakin tafki, na gina haruffa manya manya, na jera a rana suka bushe. Na ce a ba Inna ta riƙa shafawa. Da na dawo ban gan su a tsakar gida ba. Na leƙa ɗakinta, sai ga su cikin wata sabuwar ƙwarya, an rufe da faifai mai ado, an ɗora can sama cikin jerenta, tare da tasoshin aurenta da ba a cin abinci a ciki. Ko ɗaya bai guntule ba. Na tsaya ina kallonsu, ban san ko murna zan yi ko kuka ba.

Wadda ke duba bincikena wata dattijuwar malama ce mai maganar sanyi. Na kai mata babin da na rubuta, har da labarin Inna a ciki ba tare da na ce uwata ce ba. Ta karanta, ta cire tabarau, ta daɗe tana murza hancinta. Ta ce in ci gaba da rubutawa tunda yana cikin manhaja, amma gara in san wani abu. Ta ce masu bincike da yawa sun gwada, sun raba ɗalibai gida gida sun koyar da kowa ta salon da ya ce ya fi so, ba su ga ya fi ganewa ba. Ta ce abin da mutum ya ce yana so da abin da ke yi masa amfani ba kullum suke haɗuwa ba. Abin da ake koyo shi ke zaɓar hanyarsa. Ƙira'a da kunne ake ɗaukarta, saƙa da hannu.

"Baƙi kuwa, 'yata, da ido ake gane shi. Ko mai koyon ya fi son kunne, sai ya duba."

Na tambaye ta to me ya sa ake koya mana. Ta ce saboda yana da daɗin ji, kuma yana sa malami ya tuna ɗalibansa ba iri ɗaya ba ne, wannan kuwa gaskiya ce. Na fito na zauna a gindin wata bishiya a harabar makaranta. Ban yi tunanin bincike ba. Kaka nake tunani, da rabin rani, da yawan hasken da ke cikinsu.

Zuwan da na yi bayan nan, na je ba wata dabara a hannuna. Karatun jarrabawa ya sa na bar kaina ba kitso, tsohon ya tsufa ya tashi. Yafendo ce ke yi mini in na zo, sai na tarar ta yanke a yatsa wajen yankan albasa, an naɗe da tsumma. Ina zaune ina goge allo don ban san abin yi ba, sai na ji Inna ta ce wa rumbu kan ta Bodinga ya zama sheƙar tsuntsu. Ta ƙara da cewa da mai shi za ta zamna nan, da an rage mata. Yafendo ta dube ni, ta dubi Inna.

Na matsa na zauna tsakanin gwiwoyinta, na ba ta baya. Ta cire mini ɗankwali. Ban san hannun Inna a kaina ba sai ranar. Yatsunta masu kaushi ne, suna warin man shanu da kaba, amma ba su ja gashi. Na rasa inda zan sa idona, sai na sunkuya a kan allon da ke cinyata, ina rubuta haruffa ina gogewa kamar yarinya. Tsinken tsifa na tafiya, yana tafiya, sai ya tsaya. Na ji numfashinta a bayan kunnena.

"Wanga mai kama da kwale-kwale, da ɗigo ƙasa. Shi na ba'un?"

Ba da rumbu take ba, ba da kaza ba. Ni ta tambaya. Na ce shi ne, ban juya ba. Ta ce to wancan mai ɗigo biyu bisa fa. Na ce ta'un. Ta maimaita a hankali, kamar mai gaisawa da mutumin da ta daɗe tana jin sunansa ba ta taɓa ganinsa ba.

A zaunen nan maganar likita ta dawo mini. Daga gefe yake farawa. Taga ɗaya al'ada ta bar wa Inna ta riƙa kallona, ita ce ciwon ya fara rufewa. Duk watannin da ta yi tana zaune a karkace ina nuna allo, rumbu kawai take gani. In za ta ga allon sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, allon kuwa yana ƙarƙashin haɓata. In na tafi na bar mata shi, Yafendo ta ce takan ɗauka ta daɗe tana dubawa, amma murya na cikin waya, baƙi na kan allo, ba yatsan da zai haɗa su. Ba a tambayoyina ba, ba a littafinmu ba, babu inda aka ce a duba inda malama take zaune.

Daga ranar karatu ya zama kitso. Duk zuwan da na yi sai a tsefe a sake, ko na jiya bai kwana biyu ba. Yafendo ta ce in ba mu yi hankali ba za a sauke Alƙur'ani a kan ƙwarya, don gashin ba zai kai ba. Inna ta ce mata wanda ya yanke yatsa wajen albasa ba shi da bakin ba masu ilimi shawara. Muka yi dariya mu uku, ni ina kallon gaba. A waɗannan safiyoyin na ji muryar Inna fiye da duk abin da na ji tun haihuwata. Tana ba haruffa kamanni: wannan sandar makiyayi, wannan ƙahon saniya, wannan tsohuwa ce ta durƙusa. In na rubuta da girma sai ta ce in rage, ba ya shiga idon duka, sai ta bi shi gefe gefe. Ta gane goma da wani abu, ko a hargitse na kawo su. Na fara lissafin cewa in mun gama su mu shiga wasali, mu haɗa biyu biyu, Bisimilla ba ta da nisa.

Amma Asabar ba kullum take zuwa ba. Jarrabawa ta riƙe ni. Na gama, aka yi ta raɗe-raɗin hanya ba lafiya, Goggo ta ce ba inda za ni, ta riga ta binne ƙane ba za ta ƙara da 'ya ba. Maganin ɗigawa ya ƙare, ba a same shi a kusa ba, Inna kuma ta hana a gaya mini don kada a tayar wa ta Bodinga da hankali tana karatu. Sannan ruwa ya sauka, hanyar ƙauyen ta zama taɓo, 'yan kabu-kabu suka daina shiga sai an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Da na samu na je, gero ya kai gwiwa. Inna ta ce wa Yafendo allin bana ba shi da fari kamar na dauri. Shi ne dai allin. Ɗige-ɗigen suka fara ɓace mata, ba'un da ta'un suka koma kwale-kwale ɗaya. Mun koma asibiti, likita ya sake magani, bai ce komai ba da ya wuce abin da ya faɗa da farko.

Safiyar da nake yawan tunawa, an yi ruwa da asuba, gari ya yi wasai, ƙasa na ƙanshi. Na zauna a wurina, ta fara tsaga. Na rubuta layin farko a jere, na ɗora yatsa. Inna ta kawo su duka ba gargada. Ban ji ta sunkuyo ba, ban ji tsinken ya tsaya ba, numfashinta bai zo bayan kunnena ba. Ta yi sauri da yawa. Na goge. Na rubuta mimun a farko, sannan sinun, sannan lamun, duk waɗanda ta sani sarai kafin damina. Na ɗaga allon daidai inda ta saba gani, na ƙwanƙwasa yatsa a kan na farko.

Ta ce, "Alifun."

Na matsar da yatsa. Ta ce ba'un. Na matsar. Ta ce ta'un. Ƙarar farcena take bi a kan allon. Hannunta kuwa bai fasa ba, kitson na tafiya sumul, layi bayan layi, ba ya buƙatar ido.

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ina jin ta san abin da na yi, ta kuma san na sani. Ta gama kitson har ƙeya, ta shafa shi da tafin hannu daga goshi zuwa baya, ta sake shafawa. Sannan ta ɗaga murya ta kira Yafendo, ta ce a sauko da gafakar nan daga bango a kakkaɓe ta, a sa cikin kayan ta Bodinga. Ta ce littafi ba ya son zama inda ba a buɗa shi. Yafendo ta ce haba Yaya, ai ba a gama ba, Malama ba ta ce an tashi ba. Inna ta ce hadari na haɗuwa, gara mai tafiya ta kama hanya tun babur na shiga. Sama kuwa fes take, ba ko gajimare.

Na rungume gafakar a kan babur har Kajiji, a mota har Bodinga. Goggo ta gan ta, ta kafa mini ƙusa a bango. Kitson nan na bar shi har ya tsufa ya warware da kansa.

Bincikena ya samu maki mai kyau. Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Bodinga, aji cike har bakin ƙofa. Wani lokaci akan tara mu bita, a raba mana takardun gano salon ɗalibai, in karɓa in sa a jaka. Nakan dubi yaran, masu sunkuyar da kai da masu kallon taga, in rasa wanne ne cikinsu ke jin kunya, wanne ne ba ya gani, wanne ne yunwa ce kawai. Nakan sauya wurin tsayuwata, yau gaba, gobe baya. Ban san ko yana amfani ba.

Ina zuwa gida in hanya ta yi kyau. Ba na ɗaukar allo. Haruffan yumɓu na nan cikin ƙwaryarsu a saman jere, Yafendo ke share musu ƙura. Inna tana iya bambance rana da inuwa, iyakarta ke nan. Har yanzu ta Bodinga nake, har yanzu da ƙofar ɗaki ake aiko mini fura. Sai dai ta daina zama a karkace. In na yi sallama takan juyo da fuskarta gaba ɗaya wajen muryata, idanunta a buɗe, su sauka a kan fuskata su zauna, su daɗe, yadda na yi ta fata ina ƙarama. Ni ce yanzu nake juyawa in dubi rumbu.